Minjirya, Jijiya da "Jiki Magayi"

Wata 'yar'uwa daga Aboabo a Kumasi ta rubuto tana cewa: "Malam, Innata mai ciwon sukari kullum sai ta ce ƙafarta na yi mata minjirya. Ni dai kifi na sani da wannan suna. Ko tsufa ne ya sa take haɗa zance?"

'Yar'uwa, Inna ta fi ki Hausa. Minjirya kifi ne, gaskiyarki, mai santsin jiki marar ɓawo, ana samunsa a kogin Kwara da Tafkin Cadi da ruwan Bolta. In ka taɓa shi sai ya fizge ka da wutar jikinsa, babba yakan kai bolt 300, alhali wutar gidajenmu a Gana 230 ce. To, Bahaushe bai jira zuwan lantarki ba. Da ya daɗe zaune kan ƙafa, ya tashi ya ji kamar ana tsira masa allurai, sai ya ari sunan kifin ya ba abin. Ni dai ban ga aron da ya kai wannan dacewa ba.

Amma minjirya iri biyu ce. Ta mai zaman karatu a kan buzu takan wuce da ya miƙe ya ɗan taka, don jijiya ce kawai aka danne. Wadda ke zuwa ba a danne komai ba, ta fara daga 'yan yatsu, ƙafa biyu a tare, tana hawa sannu kamar ana sa safa, dare ya yi tafin ƙafa ya ɗau raɗaɗi kamar an taka garwashi, wannan sukari ne ke cin jijiyoyi. Kusan rabin masu ciwon sukan gamu da ita in an daɗe. Ƙarancin bitamin B12 da yawan shan giya su ma suna kawo ta. Ki saurari kalmomin Inna da kyau. Ran da ta daina cewa minjirya ta koma cewa ƙafar ta sage, ko silifa ya zame mata ba ta sani ba, abin gaba ya yi, ko da ita tana ganin sauƙi ta samu.

Wani tela daga Asawase kuma ya ce likita ya gaya masa jijiyarsa ta taɓu, shi kuwa bai ga jini ba. Malam tela, laifin kalmar ne. Jijiya ɗaya muke kiran wadda jini ke bi, da mai tauri da mahauci ke cirewa daga nama, da kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da gaɓoɓi. Ta ukun likita ke nufi. In babban yatsa da manuni da na tsakiya ke sagewa har su tashe ka barci, yawanci a wuyan hannu ta matsu, kuma masu aikin hannu sun san wannan.

Sai tambayar wani dattijo daga Alabar: mene ne asalin ma'anar "jiki magayi"?

Baba, magayi daga gaya yake, wato mai gaya wa mutum, kamar yadda masani ya fito daga sani. Ana faɗa wa mai taurin kai wanda aka yi wa faɗa ya ƙi ji: bar shi, jikinsa zai gaya masa. Ɗan'uwansa shi ne "jiki ya fi kunne ji". Ka lura da wannan "ji". Da shi muke jin magana, da shi muke jin zafi, wari, yunwa, har Hausar ma jin ta ake yi. Karin maganar ta dogara ne ga cewa jiki ba ya ɓoye labari. Ciwon jijiya kuwa magayin yake fara kamawa. Mutum ya taka ƙusa a kasuwar Kejetia ya dawo gida, sai jikoki su ga jini a tabarma. Kakanninmu sun ga haka ga kutare: yatsun ba faɗuwa suke yi haka kawai ba, ƙuna da raunukan da ba a ji ba ne ke cinye su. Shi ya sa tabon da ya fi sauran fata haske kuma ba ya jin taɓi yake bukatar likita.

Na dawo gare ki, 'yar'uwa. Tunda ƙafar Inna ta rage magana, sai ido ya karɓi aikin. Lokacin alwala ki duba mata tsakanin yatsu da diddige, ki gwada ruwan wanka da hannunki, ki zazzage takalmi kafin ta sa, kada kuma ta yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida. A asibiti, ko Komfo Anokye da mutanen Kumasi ke kira Gee ko na kusa da ku, akwai ɗan zaren roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi a ga inda ji ya ɗauke. In kuwa farat ɗaya ɓari guda ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan sunanta shanyewar ɓarin jiki, kuma a wannan sa'ar ake neman mota, ba a jira gari ya waye.