Amsa ga ɗan'uwan da iyayen 'yan wasansa suka tasa a gaba kan sikolashif

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce an ɗora maka kocin ƙungiyar sofbol, wasan nan mai kama da besbol, a nan Amurka ne don 'yarka tana ciki kuma kowa ya zame, yanzu yaran sun shiga 16U, rukunin 'yan shekara 16 zuwa ƙasa, iyaye sun fara tare ka a wajen ajiye motoci suna tambayar yaushe jami'o'i za su fara kira, ga kuma wani koci yana zagayawa yana yi musu romon baka cewa duk wadda ta koma wajensa D1, wato rukunin farko na wasannin jami'o'i, ta tabbata. Kana tambaya me za ka ce musu. Abin nan ya same ni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Kar ka yi wa kowa alƙawari, ko da wasa, ko a wajen cin abinci bayan gasa. Kai ba ka da gurbi ko ɗaya a wata jami'a, shi ma wancan mai zagayawar ba shi da shi. Tun 2018 dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana kocin D1 ya tuntuɓi yarinya kan maganar ɗauka kafin 1 ga Satumba na shekarar da take aji 11, ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. To duk wanda ya ce maka wata babbar jami'a ta riga ta yi wa 'yar aji 9 tayi, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma akwai wanda ke karya doka. Ka faɗa wa iyayen wannan a taro, gaban kowa, kar ka bari sai an tare ka ɗaya bayan ɗaya.

Ni nawa da mai jifa ya same ni. Yarinyar tun tana 12U take hannuna, ko ƙwallon ba ta iya riƙewa daidai ba lokacin da aka kawo ta. Ni ke zama a kan bokiti bayan an tashi atisaye ina karɓar jifarta har duhu ya yi, ƙwaurina duk tabo. Da babanta ya rasa aiki ban bari kowa ya sani ba, na cike kuɗin gasa daga aljihuna, matata ke ɗaukar ta a mota tare da tamu. Saura mako guda mu tafi Kolarado gasar makon 4 ga Yuli, an biya otal, an biya rajista, sai ga saƙon babanta cikin dare a zauren iyaye. Bai ma kira ni ba. Wai sun gode, amma 'yarsa tana buƙatar kocin da "ya san mutane", ba ɗan sa-kai ba. Ɗan sa-kai! Ya kuma ja iyalai biyu suka bi shi. Mutumin da muka ci abinci a faranti ɗaya a bayan motata.

Haka muka tafi da mai jifa guda. Yarinyar da ta rage mana ta yi ta jifa cikin rana har yatsanta na tsakiya ya yi bororo ya fashe, ta dawo benci tana tsoma hannun a cikin kular ƙanƙara tana cije leɓe, tana ce min za ta iya. Na cire ta, na sa mai tsaron gindi na uku ta ƙarasa, aka yi mana kaca-kaca. Daga inda nake tsaye ina hango baban waccan da ta tafi a wani filin, sanye da sabuwar hular ƙungiyarsu, ko ɗaga hannu bai yi ba.

Ka san yadda ta ƙare? Sabuwar ƙungiyar masu jifa sun yi mata yawa, 'yarsa ta fi zama a benci. Daga baya ta samu alƙawarin baka daga wata jami'a, suka cika Facebook da hotuna da riguna. Kocin jami'ar ya samu wani aikin ya tafi, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Alƙawarin baka ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a takardar tallafi. Sai ga wayar baban, muryarsa ƙasa-ƙasa, wai ko na san wani a kwalejin shekara biyu. Na kira, don yarinyar ba ta yi min komai ba, kuma an ɗauke ta. Shi kuwa har yau bai ce min yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Afuwan, na yi nisa. Maganar kuɗi ita ce iyaye ba sa son ji. Shekara da shekaru D1 sikolashif 12 kacal take da shi a sofbol, D2, rukuni na biyu, kuma 7.2, ana yayyanka su ana raba wa yara sama da ashirin. Tun sasantawar shari'ar House a 2025, wato ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyan su kuɗi, makarantun da suka shiga tsarin an cire musu wannan iyakar, an sa musu iyakar 'yan wasa 25. Amma cire iyaka ba ya nufin kuɗin ya sauko daga sama, kowace makaranta da ƙarfin aljihunta. Iyaye suna kallon jami'ar Oklahoma ta koci Patty Gasso da ta ci kofin ƙasa huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, suna jin labarin mai jifa NiJaree Canady da yarjejeniyar dala miliyan a jami'ar Texas Tech, sai kowa ya ga 'yarsa a can. Ka sa su lissafa abin da suke kashewa a otal da mai da darasin mai koyar da bugu duk shekara, su gwada da kwatan sikolashif. Wasu za su ji haushinka. Su ji.

D3, rukuni na uku, ba ta ba da kuɗin wasa sam, amma tana ba da na ƙoƙarin karatu da na buƙata, kuma na ga yarinyar da abin da ta samu a can ya fi na ƙawarta da ta tafi D1. Akwai NAIA, wata hukumar ƙananan jami'o'i daban, akwai kwalejojin shekara biyu na NJCAA. Yanzu da fotal ɗin canja sheƙa, inda 'yan wasa ke neman komawa wata jami'ar, ya buɗe, kocin jami'a sau da yawa ya fi son 'yar shekara 20 da ta riga ta buga a kwaleji a kan 'yar sakandare, don haka kar wanda ya raina kwalejin shekara biyu.

Sai karatu, don Allah karatu. Darussa 16 na asali NCAA ke nema, D1 tana son GPA, wato matsakaicin maki, 2.3 a cikinsu, D2 kuma 2.2, kuma ga D1 dole 10 daga ciki a gama su kafin a shiga aji 12. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni duk zango sai kowace yarinya ta nuna min sakamakonta kafin ta taɓa sanda. Su yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, su je wajen mai ba da shawara na makarantarsu ya duba cewa darussan da suke ɗauka suna cikin waɗanda aka amince da su. Tambayar farko da kocin jami'a ke min a waya, bayan gudun jifa, ita ce maki.

Imel kuma yarinyar ce za ta rubuta da kanta, ba uwa ba, ba uba ba. Kociyoyin nan suna gane rubutun uba tun daga layin farko. Sunanta, shekarar gama sakandare, inda take tsayawa a fili, GPA, gajeren bidiyo, jadawalin wasa da lambar fili da lokaci. Ko ba a amsa ba ta ci gaba da turawa, kafin 1 ga Satumbar aji 11 ɗin nan doka ce ta rufe musu baki. Ta zaɓi makarantun da ke da kwas ɗin da take so ta je sansanin horonsu. Manyan gasa irin gasar ƙasa ta PGF a Huntington Beach, Kalifoniya, suna da amfani in ƙungiyarka ta kai, amma in za a jefa ku can filin baya da ba kocin da ke leƙawa, gara ku ajiye kuɗin. Kuma ka gaya wa iyaye ana kallonsu su ma. Na taɓa ganin koci ya rufe littafinsa ya tashi saboda wani uba yana zagin alƙalin wasa ta bayan raga.

Mu kuma namu da ƙari. In 'yarka tana sa hijabi, ko kuna son garin da ke da masallaci da abincin halal, ku tambaya tun ziyarar farko, ba bayan an sa hannu ba. Sannan ka yi hattara da zancen cewa kana fifita 'yarka, zai zo ko ba ka yi ba. Ni mataimakina na bar wa jerin masu bugu a duk abin da ya shafi tawa.

Kafin kakar bana ka rubuta yarjejeniya kowane iyali ya sa hannu: kuɗin da aka biya ba ya dawowa, wanda zai tafi ya faɗa maka baki da baki, kuma babu tabbacin sikolashif ko yawan lokacin wasa. Ka kuma nemi mai jifa ta uku tun yanzu, ko ta aro ce. Wace jiha kake? Ka turo min saƙo ta gefe in aiko maka da tawa takardar ka gyara ta yadda ta dace da ku.