Gwiwa ce ke ciwo, me ya ramar da cinya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekaruna 58. An yi min hoton gwiwar dama, aka ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsi ya zaizaye. Rashin ƙarfin ya fi ciwon damuna: in zan taso daga sujada sai na dafa bango, kuma cinyar dama ta fi ta hagu siranta. Ina shan magani, ina hutar da ƙafar. Me ke cinye ƙarfin? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Hutun nan da kike ba ƙafar yana cikin abin da ke ramar da ita.

Tsokokin gaban cinya guda huɗu ne, duk suna haɗuwa a ƙoƙon gwiwa. Su ke miƙe ƙafa in za ki tashi, su ke riƙe ki in kina saukowa daga bene. Umarni yana zuwar musu daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka, ta wata jijiya da ke fitowa daga ƙasan gadon baya. To in gwiwa ta tara ruwa, jakar da ta lulluɓe gaɓar tana ɗamewa, ƙananan jijiyoyin jikinta su kai wa laka rahoto, ita kuma laka ta rage umarnin da take turawa cinya. Wannan ba da saninki yake faruwa ba, shi ya sa ko kin ciji leɓe kin yunƙura, wani sashe na tsokar ba ya amsawa. Kuma ruwa kaɗan ya isa: mililita 20 zuwa 30, kamar babban cokali biyu, yana iya fara kashe sashen da ke saman ƙoƙon gwiwa ta ciki. Ki shafa wajen a ƙafafu biyun, galibi za ki ji na dama ya lotsa.

Tsokar da ba a kira ta aiki kuwa ƙanƙancewa take, kitse ya shiga tsakanin zarenta. Ga tsokar bayan cinya tana ɗaurewa don kare gaɓar, sai ta riƙa ja da ta gaba. Jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda gwiwa take su ma suna dushewa, daga nan ne ake jin ƙafa ta saki ana cikin tafiya.

Don haka a fara da kumburin. Ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora minti 15 zuwa 20 kafin motsa jiki, sanyin yana sassauta wancan birkin da laka ke taka wa tsokar na ɗan lokaci. Mai ciwon suga da fatarsa ba ta ji sosai ya bar ƙanƙara.

Sannan ki zauna a tabarma, ƙafa a miƙe, tawul a dunƙule ƙarƙashin gwiwa. Ki danna shi ƙasa har ƙoƙon gwiwa ya ɗan matso sama, ki riƙe daƙiƙa 5, sau 10. In wannan ya zauna, ki koma kujera mai tauri: ki tashi, ki zauna a hankali ba faɗawa ba, sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne jingina nauyi kan ƙafar hagu. Ki ja ta dama baya kaɗan don ita ta ɗauki aikin. Ɗan ciwo lokacin yi ba laifi, amma in ya kai washegari ko kumburi ya ƙaru, ki rage adadin.

Kada ki karaya in awon tela bai nuna canji da wuri ba. A makonnin farko jijiya ce ke koyon tada tsokar, ƙarfi yana riga kauri zuwa. Kaurin sai an kai mako shida zuwa takwas. Ma'aunin da ya fi shi ne ki ƙirga sau nawa kike tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 ba dafawa, ki rubuta duk wata. In kina riƙe sanda, a hannun hagu za ta kasance.

Amma in akwai rashin ji a ƙafa ko jin kamar tafiyar kiyashi, ko ciwo yana saukowa daga baya, ko tafin ƙafa yana jan ƙasa, wannan ya wuce gwiwa, a duba jijiyar baya da suga. Gwiwa mai zafi da ja tare da zazzaɓi kuma asibiti take so a ranar.