Amsa ga Kawu a kan maƙwabtanmu Nabaho da tatsuniyar hunturu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna da sauran mutanen gida a Zariya, saƙonka ya iso ni. Ka tambaye ni abu biyu: ko mutanen nan da ake kira Jajayen Indiyawa suna nan har yanzu ko kuwa sun ƙare, sannan ko 'ya'yanmu da aka haifa a Amurka sun taɓa jin an ce "ga ta nan, ga ta nanku". Na jinkirta amsa ne domin tambayoyin biyu a wurina a ɗaure suke da juna, kuma ban so in ba ka amsar da za ta fi tambayar gajarta.

Suna nan, Kawu, kuma a tsakiyarsu nake zaune shekara 17 ke nan. Garinmu Gallup yana jihar New Mexico, a bakin iyakar ƙasar al'ummar da Turawa ke kira Nabaho, su kuwa suna kiran kansu Diné, wato mutane. Sunan Jajayen Indiyawa ba ya musu daɗi, don haka mu Hausawan da ke nan, waɗanda ba mu wuce 'yan gidaje ba tsakanin Gallup da Albuquerque, mun daina faɗarsa tun da daɗewa. Ƙasarsu ta kai murabba'in kilomita dubu 71, ta ninka jihar Kano fiye da sau uku, ta ratsa Arizona da New Mexico da Utah. Suna da shugaban da suke zaɓa da majalisa da kotuna a babban birninsu Window Rock, kuma a 2021 waɗanda ke cikin rajistar al'ummar sun kusa dubu 400.

Abin da ya fara kama hankalina game da su shi ne labari a wurinsu yana da lokacinsa. Mu an hana mu tatsuniya da rana, sai bayan an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma. Su kuwa da shekara suke aunawa: akwai labaran da ba a buɗe baki a faɗe su sai sanyi ya fara daskarar da raɓa, kuma da zarar an ji tsawar farko bayan hunturu sai a rufe su har wata shekara. Dattawansu suna cewa a lokacin ne macizai da ƙadangaru da sauran halittun da ake ambata a labaran suke kwance cikin ramukansu, don haka ba a ɗauko zancensu a kan kunnensu ba. Ina rubuta maka wannan a watan Disamba, dusar ƙanƙara na kwance a ƙofar gida, shi ya sa na ga babu laifi in taɓa kaɗan daga ciki. Da a watan Yuli ne da na haƙura, saboda girmama waɗanda suka yarda da ni suka ba ni.

Jigon labaran hunturu wata dabba ce mai kama da dila, suna ce mata Ma'ii. Duk abin da ka sani na halin Gizo, na kwaɗayi da gaggawa da wayon da ke komawa kan mai shi, to yana tattare da Ma'ii. Wata tsohuwa, uwar wani abokin aikina, ta gaya wa 'ya'yana yadda aka zauna ana jera taurari ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, kowanne da wurinsa da sunansa, sai Ma'ii ya gaji da jira ya fizge bargon da sauran ke ciki ya watsa su sama, shi ya sa wasu taurarin ke da tsari wasu kuwa a warwatse suke. A cikin hogan ta ba da labarin, wato ɗakinsu na gargajiya mai kusurwa shida ko takwas, na itace da ƙasa, wanda ƙofarsa kullum gabas take kallo, murhu na ci a tsakiya. Da Nabaho take magana, jikarta na juyawa zuwa Turanci, ni kuma in raɗa wa ƙaramar 'yata da Hausa. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne gizo-gizo a wurinsu ba mayaudari ba ne. Mace ce mai daraja wadda suka ce ita ta koya musu saƙa, kuma akwai wani siririn dutse mai tsawon kimanin mita 230 a kwazazzabon Canyon de Chelly da suke cewa a kansa take zaune.

A nan ne muka sha bamban da su, kuma ina roƙon Kawu ya lura da wannan. Mu in mun gama sai mu ce ƙurungus kan kusu, da ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wato mun amsa da bakinmu cewa ƙirƙira ce ta nishaɗi da tarbiyya. Manyan labaransu kuwa, na yadda kakanninsu suka fito daga duniyoyin ƙasa zuwa wannan, a wurin masu bin gargajiya tarihi ne da addini, kuma kowanne yana da wurin da za a nuna maka da hannu. Duwatsu huɗu ne suka kewaye ƙasarsu: Sisnaajiní a gabas, Tsoodził a kudu, Dook'o'oosłííd a yamma kusa da Flagstaff, da Dibé Nitsaa a arewa. Duk sa'ad da muka kama hanyar Albuquerque, kusa da garin Grants muna wuce wani baƙin dutse da ya malala ya sandare, wanda masana ke cewa aman wutar dutse ne, su kuwa suna cewa jinin wani ƙaton dodo ne da tagwayen jarumai suka kashe a gindin Tsoodził. Mu Musulmi ne, kuma na bayyana wa yarana cewa wannan ba aƙidarmu ba ce, amma ban taɓa yarda su yi wa abin dariya ba, domin mutanen da suka karɓe mu da mutunci ba a saka musu da raini. Su ma suna binne cibiyar jariri, galibi a garken tumaki ko kusa da gida, domin zuciyarsa ta riƙa komawa can. Ranar da na ji haka sai da na yi shiru, na tuna bayan ɗakin Inna.

In ka fahimci cewa labarinsu a jikin ƙasa yake, za ka gane nauyin abin da aka yi musu. A 1863 da 1864 sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson suka ƙone gonakinsu, suka karkashe dabbobinsu, aka sare itatuwan marmari na Canyon de Chelly, har yunwa ta sa suka miƙa wuya. Aka kora mutum fiye da dubu 8 a ƙafa, tafiyar kusan kilomita 500, zuwa wani sansani a Fort Sumner da suke kira Hwéeldi, inda fiye da dubu 2 suka mutu saboda yunwa da cuta da gurɓataccen ruwa. Da Janar Sherman ya zo sulhu ya kawo shawarar a kai su wani yanki daban na Amurka, jagoransu Barboncito ya dage cewa tsakanin duwatsunsu kaɗai za su koma, kuma a ranar 1 ga Yuni 1868 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta maido su gida. Wannan tafiya yanzu ta shiga cikin labaran da kakanni ke bayarwa, kowane dangi da nasa, wasu tsofaffin ma ba sa son a ambace ta ko kaɗan.

Bugu na biyu a kan tumaki ya sauka. Suna da magana cewa tunkiya ita ce rayuwa, kuma garke galibi na mata ne, domin a wurinsu ɗa dangin uwarsa yake bi, in zai gabatar da kansa sai ya fara da dangin uwa, sannan na uba, sannan na kakanni biyu. Daga 1933 gwamnatin Amurka, ƙarƙashin kwamishinanta na harkokin 'yan asalin ƙasa John Collier, ta ce kiwo ya yi yawa yana zaizaye ƙasa, aka tilasta rage dabbobi har kusan rabinsu suka tafi, wasu aka harbe su a gaban masu su aka bar gawarwakin a fili. Kawu ya san abin da Bafulatani zai ji in aka yi wa garkensa haka. Yaron da ke bin kakarsa kiwo shi ke jin sunan kowane tudu da labarinsa, to da garke ya ragu sai maza suka fita neman aikin albashi a layin dogo da ramukan ma'adinai. A daidai wannan zamani ana kwashe yara zuwa makarantun kwana, a aske musu gashi, a wanke bakin wanda ya yi yarensu da sabulu, kuma watannin makaranta su ne watannin labari. Harshen nan da ake dukan yara a kansa shi ne sojojin ruwan Amurka suka nema a 1942, suka ɗauki samari 29 suka tsara saƙon sirri da shi, wanda Japan ta kasa warwarewa har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare.

Batun yuraniyom ba baƙo ba ne ga duk wanda ke da dangi a Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙo kusan tan miliyan 30 na dutsen da ke ɗauke da yuraniyom a ƙasarsu, aka tafi aka bar ramuka fiye da 500, kuma a ranar 16 ga Yuli 1979 madatsar dagwalon wata masana'antar yuraniyom ta fashe a Church Rock, gab da garinmu, dagwalon ya kwarara cikin kogin Puerco inda ake shayar da dabbobi. A 2005 majalisarsu ta haramta haƙar gaba ɗaya. Har yau kusan gida ɗaya cikin uku ba shi da ruwan famfo, kullum za ka ga a-kori-kura ɗauke da tankuna suna layi a wurin ɗiban ruwa a Gallup. Da annobar korona ta zo a 2020 ta yi musu mummunar ɓarna, kuma tsofaffi ta fi ɗauka, waɗanda labaran ke bakinsu. Tsohuwar da na ambata tana cikinsu.

Duk da haka ba su zauna suna kallo ba. Tun 1968 suka kafa kwalejinsu, wadda yanzu ake kira Diné College a Tsaile, akwai makarantun da ake koyar da yara da harshen tsantsa, gidan rediyon KTNN kuma yana watsa shiri da Nabaho kowace rana. In hunturu ya yi har yanzu ana taruwa a yi wasan takalmi na dare, inda ake ɓoye 'yar ƙwallo cikin takalman da aka binne a yashi ana waƙa ana canka, a tuna gasar da dabbobin dare da na rana suka yi wadda babu wanda ya ci, shi ya sa dare da rana ke musanya. Amma gaskiya ita ce yawancin yaran da nake gani suna jin kakanninsu ne su amsa da Turanci, kamar yadda nawa suka fara yi mini.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta biyu. Shekarun farko 'ya'yanmu ba su jin tatsuniya, domin mun bar ta a kan duk ranar da aka samu sarari, sararin kuwa bai taɓa samuwa ba. Daga maƙwabtanmu muka ari dabarar yanka mata lokaci. Yanzu daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, duk daren Asabar ta farkon wata, gidajenmu suna haɗuwa a gida ɗaya, a yi tuwon masara da miyar kuka da aka aiko daga gida, bayan sallar isha'i a tara wayoyi cikin kwando a rage fitila. Sharaɗin ɗaya ne, ba a buɗe tatsuniya sai yara sun amsa "ta zo mu ji ta" da Hausa, kuma wanda bai gane wata kalma ba da Hausa ake warware masa. Matanmu ne ke ɗauke da yawancin aikin, kuma mun lura waƙoƙin cikin tatsuniya su ne suka fara kuɓuce mana, sai mutum ya kawo labarin tiryan-tiryan ya zo wurin waƙa ya tsaya.

Saboda haka ina da roƙo. Idan Inna na da ƙarfi, a sa ɗaya daga cikin jikokinta ya zauna da ita bayan isha'i ya naɗi muryarta a waya, musamman ta Gizo da Ɓaure da ta Ta-Kitse, tare da waƙoƙinsu yadda take rera mana, kada a gyara mata komai ko da ta maimaita. Zamanmu na gaba farkon Janairu ne, kuma a gidana za a yi. A gaishe mini da ita da kyau, a ce mata ƙaramar takwararta ta iya amsa waƙar Ta-Kitse rabi, sauran rabin muke jira.