Tambayoyin masu karatu: in yi hayar babbar motar zango kafin in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, mu shida ne a gida har da mahaifiyata. Ina son sayen babbar motar nan mai kama da bas, wadda ke da ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, mu riƙa yawo lokacin hutun yara. Wani abokin aikina ya ce in fara haya tukuna, ni kuwa ina ganin kuɗin hayar asara ne. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin naka ya faɗa maka gaskiya, gani ya kori ji. Amma da sharaɗi: ka ɗauki hayar irin wadda kake son saya, mai tsawo ɗaya da ita. Motar da ka kwatanta ita ce Amurkawa ke kira Class A. Tsawonta yakan kama daga ƙafa 26 zuwa 45, faɗinta ƙafa 8 da rabi, tsayinta kuma ƙafa 12 zuwa 13 idan an haɗa da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Kamfani irin Cruise America yawanci Class C yake bayarwa, wato wadda gabanta na motar ɗaukar kaya ne, da gado a saman kan direba. Tuƙin wannan ba zai nuna maka halin babbar ba. A cikin babbar, direba yana zaune ne a kan tayoyin gaba, a wasu ma gabansu, don haka sai ya ɗan wuce kwanar kafin ya karya sitiyari. Gindinta kuma ya zarce tayoyin baya da nisa, in ka juya dama sai ya yi lilo hagu. Ta nan ne sababbin hannu ke goge famfon gidan mai. Ka nemi Class A a El Monte RV, ko a Outdoorsy da RVshare inda masu motocin ke ba da hayar nasu.

Ka fara duba lasisinka. A Texas, idan nauyin da aka ƙayyade wa motar ya haura fam 26,000, kusan tan 12 ke nan, lasisin ƙaramar mota bai isa ba, sai ka yi gwajin lasisin Class B (ajin lasisi ne, ba nau'in mota ba) na masu tuƙin kansu. Masu injin fetur a gaba yawanci ba su haura wannan iyaka ba. Masu injin dizal a baya, masu birkin iska, galibi sun haura.

Takardar haya kuma a karanta ta layi-layi, domin kuɗin kwana ba shi ne duka ba. Akwai adadin mil da aka yarda ka yi kowace rana, abin da ya ƙaru a kansa ka biya. Akwai awannin janareto, kuɗin jingina, kuɗin shara, da tarar da za a ci ka in ka dawo da tankin banɗaki a cike. Ka tambayi kamfanin inshorarka a rubuce ko inshorar taka ta haɗa da irin wannan mota, kada ka ɗauka haka nan. Ranar karɓa ka ɗauki bidiyon jikinta duka, har da rumfar gefe da tayoyi. Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna gaban sitiyari, saboda gada ko rumfar gidan mai ba sa yafiya.

Kwana biyu ba gwaji ba ne. Ka yi biyar ko mako guda, kuma da gangan ka nemi abin da ke da wuya. Ka hau babbar hanya ka ji yadda iskar tirela ke ture ka in ta wuce. Ka sauko gangare da ƙaramar giya, kada ka danne birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Ka shiga wurin ajiya da baya, mutum ɗaya na tsaye inda kake hango shi a madubi. Ka cika tanki ka rubuta mil: mai fetur takan yi mil 6 zuwa 10 a galan guda, wato in taka tana yin 8, tafiyar mil 1,000 za ta sha galan 125. Sannan ku kwana ɗaya inda babu wuta babu famfo. A nan za ka san cewa janareton daga tankin motar yake sha, kuma yana mutuwa da kansa in mai ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ruwa shi ne abin da ya fi shafar gida irin naku. Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Mutum shida masu alwala sau biyar da tsarki da buta za su cika tankunan da wuri fiye da lissafin dillali. Wajen zubarwa, ka fara buɗe na banɗaki, in ya gama sai ka buɗe na wanka ya wanke tiyon. Kada ka bar bawul ɗin na banɗaki a buɗe a zango, ruwan zai tsiyaye ya bar ƙazanta ta daskare ta toshe tankin. Wutar zango iri biyu ce, amp 30 da amp 50. Ta 30 wat 3,600 take bayarwa, ta 50 kuwa 12,000. In ka haɗa babbar mota da ta 30, na'urar sanyi ɗaya za ka kunna, da ka ƙara ta biyu wuta za ta yanke.

Ka ƙirga bel ɗin kujeru, ba gadaje ba. Mota na iya kwanar da mutum takwas amma bel ɗinta bai kai haka ba, kuma doguwar kujera mai kallon gefe ba wurin ɗaura kujerar jariri ba ce. Ka lura kuma da yadda Hajiya ke hawa matakalar ƙofa.

Akwai abin da haya ba za ta nuna maka ba. Unguwanni da yawa ba sa yarda a ajiye irin wannan mota a ƙofar gida, sai ka biya wurin ajiya duk wata. Tayoyi shida ne aƙalla, kuma shekaru ke kashe su ko da ba su suɗe ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke rubuce a jikin taya su ne mako da shekarar da aka yi tayar, wadda ta kai shekara 6 ko 7 a shirya canza ta. Sai rufi: in man liƙin da ke gefen tagogin sama ya tsage, ruwa zai shiga bango ya ruɓar da katako. Duk tsohuwar motar da ka ga bangonta ya kumbura, ko ƙasanta ya yi laushi, ka bar ta.

Tambaya: Muna Columbus ta jihar Ohio, muna da a-kori-kura Ford F-150. Maigidana yana son babbar, ni kuma na fi son ɗakin da ake ja a baya. Wanne ya fi?

Amsa: Hajiya, in tafiyarku ta makonni kaɗan ce a shekara, ra'ayinki ya fi ƙarfi. Ɗakin ja ba shi da inji, ba shi da giya, don haka zaman wata takwas ba ya cutar da shi kamar yadda yake cutar da mota. In kun isa zango sai ku kwance shi, ku shiga gari da a-kori-kurarku. Mai babbar mota kuwa, ko burodi zai sayo, sai ya naɗe rumfa, ya zare wuta da tiyo, ya mayar da ɗakunan da ke turowa waje, ko kuma ya riƙa jan ƙaramar mota a baya, wadda ba a yin baya da ita tana ɗaure.

Sai dai ku yi lissafin nauyi da gaske. Abin da ke ƙarewa da wuri ba ƙarfin ja ba ne, nauyin da a-kori-kurar za ta iya ɗauka ne, kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin yana sauka ne a kan ƙugiyar motar. Ɗaki mai fam 7,000 zai ɗora mata fam 700 zuwa 1,050, kafin a ƙara ku da yara da kaya. In nauyin gaban ya yi kaɗan, ɗakin zai fara rawa a kan hanya har ya kifar da mota, shi ya sa ake loda kaya masu nauyi gaban tayoyinsa. Kuna buƙatar ƙugiya mai raba nauyi da na'urar da ke kama birkin ɗakin. Manyan da ake ɗaurawa a tsakiyar bodin a-kori-kura sun fi natsuwa a hanya, amma galibi sun fi ƙarfin F-150. Abin da za ku rasa shi ne, muddin ana tafiya kowa yana cikin mota, babu shiga banɗaki ko kicin sai an tsaya.

In maigida ya dage sai mai inji, ku gwada Class C mai ƙafa 24 zuwa 28. Class B, wato ƙaramar bas da aka mayar ɗaki, ta fi duka sauƙin mai da tuƙi, amma ta mutum biyu ce. Girma yana hana shiga wasu wurare: hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier a Montana ba ta karɓar abin da ya wuce ƙafa 21.

Tambaya: Ni a Birmingham ta Ingila nake. Shawarar ɗaya ce?

Amsa: Hayar gwaji dai ɗaya ce, Alhaji, amma iyakar nauyi ta bambanta. Lasisin ƙaramar mota a Ingila kilo 3,500 ya ba ka. Daga nan zuwa 7,500 sai da lasisin C1, wanda waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 galibi suna da shi, sauran kuwa sai sun yi gwajin likita da na tuƙi. Manyan na Amurka sukan wuce hakan, sitiyarinsu yana hagu, kuma sun yi wa titunan ƙauye faɗi. Matsalar masu kilo 3,500 ita ce ɗan abin da ya rage na kaya: lita 100 ta ruwa kilo 100 ce. In ka ɗauki hayar, ka loda iyali da kaya da cikakken tanki, ka kai ta ma'aunin manyan motoci a auna, ka kwatanta da abin da ke rubuce a farantin nauyi da ke jikin motar.