Ciwon sukari a Ingila: biza, lasisin tuƙi da garin maganin da Hajiya ta aiko

Wani ɗan'uwa mai shekara 44, wanda yake aikin dare na kula da tsofaffi a Landan bisa bizar da kamfaninsa ya tsaya masa, ya rubuto cewa likita ya tabbatar masa da ciwon sukari nau'i na biyu, gwajin sukarin jini mai suna HbA1c ya nuna 62, an kuma ɗora shi kan ƙwayar metfomin. Bai faɗa wa kowa a wurin aiki ba don tsoron kada a ƙi sabunta masa biza, yana kuma shirin neman lasisin tuƙin bas. Mahaifiyarsa ta aiko masa da garin magani daga gida, tare da saƙon cewa ya bar ƙwayar Bature, domin wanda ya fara ta ba ya rabuwa da ita. Yana tambaya ko zai iya ajiye ƙwayar ya dogara da garin da tuwon alkama.

Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na lura cewa kusan duk damuwar da ke cikin wasiƙarka daga ɓoye ciwon ta taso, don haka bari mu fara da biza. Ciwon sukari ba ya cikin abubuwan da ake dubawa wajen sabunta bizar aiki. Gwajin lafiyar da aka nema daga gare ka kafin ka baro Najeriya na tarin fuka ne. Likitanka kuma ba shi da hurumin kai bayanin lafiyarka ga kamfani ba tare da yardarka ba. Dokar daidaito ta 2010 a mafi yawan lokuta tana kare mai ciwon sukari, tana kuma ɗora wa mai ba da aiki nauyin yi masa sassaucin da ya dace, kamar lokacin cin abinci da damar zuwa asibiti, amma ba za ka iya neman wannan haƙƙi daga wanda bai san halin da kake ciki ba. Shawarata ita ce ka sanar da shugabanka a rubuce, ka kuma ajiye kwafi.

Inda ɓoyewa take da hukunci na gaske shi ne hukumar lasisin tuƙi, wato DVLA. Mai tuƙa ƙaramar mota wanda metfomin kaɗai yake sha yawanci ba sai ya sanar ba, amma mai neman tuƙa bas ko babbar mota dole ne ya sanar idan yana shan ƙwaya kowace iri ce, kuma rashin sanarwa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Sanarwar ba ta nufin an hana ka lasisi, akwai direbobin bas da yawa masu wannan ciwo.

Akwai wata takarda da za ta rage maka kashe kuɗi. A Ingila, duk mai ciwon sukari da ake yi wa magani da ƙwaya ko allura yana da damar karɓar dukkan magungunan da likita ya rubuta masa kyauta, maimakon fam 9.90 kan kowane magani, farashin da aka sa a 2024. Ka nemi fom mai suna FP92A a wurin likitanka, ka cike, su sa hannu, sai a ba ka shaidar da take aiki shekara 5. Kada ka yi alamar "kyauta" a bayan takardar magani kafin shaidar ta fito, domin mutane da yawa sun ci tarar da ta kai fam 100 ta wannan hanya. Idan ka biya kafin nan, ka nemi rasiɗin FP57 a lokacin biyan, da shi ake maido maka da kuɗinka.

Mu koma kan ciwon kansa. HbA1c yana nuna matsakaicin yawan sukarin jininka na wata biyu zuwa uku da suka wuce, daga 48 kuma ake cewa mutum yana da ciwon. Lambarka ta 62 ta haura sosai, ko da kuwa kana jin kanka garau, domin wannan ciwo yakan shafe shekaru yana taɓa jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa ba tare da wani zogi ba. Shi ya sa nake roƙonka kada ka ajiye ƙwayar. Aikin metfomin shi ne rage sukarin da hanta take saki cikin jini, da taimaka wa jiki ya amsa wa sinadarin insulin. Idan tana ɓata maka ciki, ka sha ta tare da abinci, in bai yi ba ka tambayi likita nau'in da yake narkewa a hankali.

Maganar Hajiya tana da ƙamshin gaskiya, domin mutane da yawa sukan sha ƙwayar har tsawon rai, sai dai ciwon ne yake zaunar da su a kanta, ƙwayar ba ta sa jaraba. Kana iya gaya mata, cikin ladabi, cewa binciken da ya haifar da metfomin ya faro ne daga wani tsiro na maganin gargajiyar Turai, kuma tun 1957 likitoci suke amfani da ita. Bambancinta da garin da ke cikin ledarka shi ne an san abin da ke cikinta, an san gwargwadonsa. Garin kuwa ba ka san haɗinsa ba, ƙodar mai ciwon sukari kuma ba wurin gwaji ba ce. Ka yi mata godiya, ka ajiye shi, kada ka sha sai ka san sunan kowane ganye da ke ciki ka kuma nuna wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna. Zogale a kwaɗo da shuwaka a miya abinci ne masu kyau, ka ci abinka, amma ba su maye gurbin magani.

Batun tuwon alkama nan ne mutanenmu suka fi yaudarar kansu. Alkama da acca da masara da shinkafa duk sitaci ne da yake komawa sukari a jini, kuma malmala uku ta alkama ta fi malmala ɗaya ta shinkafa ɓarna. Ka raba farantinka: rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko nama ko wake, kwatan da ya rage tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunka. Mu da muka saba miya rakiyar tuwo ce, dole mu juya lamarin, miyar kuɓewa ko ta alayyahu ta yi yawa, tuwon ya zama ɗan rakiya. Ba sai ka koma cin abincin Turawa ba. Kuka da kuɓewa da daddawa suna nan a shagunan 'yan Afirka na unguwar Peckham a Landan, alala da faten wake kuma sun fi burodi riƙe ciki.

Abin sha ya fi abinci saurin ɗaga sukari. Shayi mai cokali uku na sukari, lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace na kwali, zoɓo da kunun aya da aka zuba wa sukari, waɗannan su ne farkon abin da za ka yanke. Zuma tana da daraja a wurinmu, amma a jini sukari ce, dabino ma ɗaya ko biyu ya isa. Mai aikin dare kamarka yana da jarrabawa ta daban: ƙarfe uku na dare, barci yana fizgarsa, ga gwangwanin biskit a ɗakin hutun ma'aikata. Ka riƙa tafiya da dafaffen ƙwai biyu da ɗan gyaɗa da gorar ruwa, domin mai yunwa ba ya zaɓe.

Idan burinka shi ne rabuwa da ƙwayar, hanyar da bincike ya tabbatar ita ce rage ƙiba. A binciken DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta, aka kuma wallafa a 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin rage abinci sun samu sukarinsu ya sauka ƙasa da 48 ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa adadin ya kai kashi 86. Hukumar lafiya ta NHS tana da shiri irin wannan a Ingila ga waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, wanda a mako 12 na farkonsa ake maye gurbin abinci da miya da abin sha na musamman. Ka tambayi likitanka ko ka cancanta. Saukar sukarin nan lafawa ce kawai, ciwon yana iya dawowa idan ƙibar ta dawo, kuma likita ne zai ce a tsayar da ƙwaya. Gwajin ido da duba ƙafa da na ƙoda, waɗanda ake kiranka a kai a kai kyauta, kada ka bari canjin aiki ya sa su wuce ka.

Game da azumi, ka ga likita wata biyu kafin Ramadan domin a daidaita maka lokutan sha. Da yawa daga masu shan metfomin kaɗai suna azumi lafiya, amma idan aka ƙara maka insulin ko ƙwayar da ake rubutawa gliclazide a jikin kwali, sukari yana iya faɗuwa, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 a na'urar gwajin jinin yatsa, wadda ma'auninta ya bambanta da na HbA1c.

Lokacin da za ka je gida, ka tafi da maganin da zai ishe ka a jakar hannu tare da wasiƙar likita, NHS kuma ba ta cika rubuta fiye da na wata uku ba. Na'urorin gwaji da yawa a Najeriya suna amfani da ma'auni daban da na Ingila, sai ka ninka lambar da na'urarka ta gwajin yatsa take nunawa sau 18, wato 7 a Landan ita ce 126 a Kano. Ka kuma kai 'yan'uwanka na jini a gwada su tun kana can, har da Hajiya, domin ciwon yana bin dangi.