Amsa: Ko Rishikesh ta cancanci ziyara daga Delhi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da kwana uku a Delhi bayan ka gama abin da ya kai ka, kana tunanin leƙawa Rishikesh. Ni dai na ce ka je, amma ka duba watan da za ka je tukuna.

Garin yana jihar Uttarakhand, inda kogin Ganga ke saukowa daga duwatsun Himalaya. Tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota, ko ka hau jirgin ƙasa zuwa Haridwar ka ƙarasa da tasi. Idan tseren kwale-kwalen roba kake so, daga ƙauyen Shivpuri ake tasowa zuwa Rishikesh, kimanin kilomita 16 a kan ruwa mai gudu da sanyi kamar ƙanƙara. Amma ana rufe shi da damina, Yuli da Agusta, saboda kogin yana cika. Oktoba da Nuwamba ko Maris sun fi, kuma a Maris ake taron yoga na duniya.

Abin da mutanenmu ba sa shirya masa shi ne abinci. Garin ibadar Hindu ne, an haramta sayar da nama, don haka shinkafa da wake da gurasar capati za ka sha. Idan ba ka iya kwana biyu ba tsoka, ka yi guzurin kilishi ka ci a ɗakinka, ba a bainar jama'a ba.

Da magariba mabiya addinin Hindu suna kunna fitilu a bakin kogi a Triveni Ghat. Ibadarsu ce, ka tsaya gefe ka kalla, kuma ka riƙe jakarka da kyau a gadar Ram Jhula, birai ɓarayi ne.