Amsa ga 'yata mai tambayar littafin da za ta saya wa kakanta

Wa alaikumus salam 'yata. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari ne sai na samu caji da natsuwa don amsar ba ta layi biyu bace. Kin ce kakanki na wajen uba yana ƙauye, ciwon gwiwa ya raba shi da gona, kuma tun rasuwar kakarki ya zama shiru-shiru, wuni yake a zaure ba ya cewa uffan, shine kike tambaya wane littafi za ki saya masa ko kuwa babbar waya ce ta fi. Na ga wasu sun ce waya, wasu ma sun ce ki ɗauko shi ki kawo shi birni kawai. To ni sa'an kakan naki ne ko kusa da haka, tsohon malamin firamare ne ni a ƙasar Ringim, na kama alli lokacin UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta, a 1976 na ajiye bayan shekara 35, jikoki kuwa masha Allah har da tattaɓa kunne, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu mu tsofaffin.

Kafin ki kashe ko sisi a littafi ki fara sanin lafiyar idonsa da kunnensa. Mu tsofaffi muna da wani hali, ba ma son a ce mun gaza, mutum ya daina ganin rubutu amma bazai faɗa ba, sai dai yace ai karatun ne ya fita ransa. Akwai wani abokina da muke sallah sahu ɗaya, mutumin da kullum sai ya yi izu biyu kafin hantsi, kawai aka ga ya rataye gafakarsa ya daina buɗewa, iyalinsa suna ta cewa ko sammu ne ko damuwa ce, ashe yanar ido ce ta rufe shi. Aka kai shi Kano aka cire, aikin ma ba ya daɗewa, yanzu har allurar ɗinkin buhu shi yake zura wa kansa zare. A Kanon akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai wanda ake kira asibitin ido na Makka, kuma manyan asibitocin gwamnati suna da ɓangaren ido. Ki sa a auna masa har da hawan jinin ido, don shi wannan ba ya ciwo, a hankali yake cin gani kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Dan Allah kada a bari masu yawo ƙauye-ƙauye suna cewa suna cire yana da allura su taɓa shi. In kuma tsufa ne kawai irin na kowa, tabarau na karatu ya wadatar, ba shi da wata tsada. Kunne ma haka, tsohon da ba ya jin hira sosai shiru yake yi don kada ya amsa abin da ba a tambaye shi ba yara su yi dariya.

Sai kuma ki san wane rubutu yake karantawa, don wannan ne yaran yanzu kuke wucewa. Ba ki faɗa mana ko ya yi boko ba. Da yawan sa'o'inmu na ƙauye ba su shiga aji ba amma ba jahilai bane ko kaɗan, sun yi allo, wasu sun yi gardanci har gabas, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami tsaf. Wasu kuma iyayenmu da yayyenmu sun ɗan taɓa ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, suna iya haɗa baƙi da wasali a hankali. In kina son gwadawa ba tare da kin kunyata shi ba ki miƙa masa ɗari biyar kice Kaka wai me aka rubuta a nan da larabci, in ya karanta miki naira ɗari biyar to kin samu amsa, ajami ne ba larabci ba (kuɗin dai ki ɗauka sun tafi, ba ma mayarwa). Tun 2007 aka cire ajamin daga ƙananan takardun kuɗi amma yana nan a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu.

Ko Alƙur'ani za ki saya masa sai kin kula. Wanda ya tashi a tsangaya ruwayar Warshu ya sani, da rubutun nan namu mai kauri wanda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda alhazai ke kawo tsaraba daga Makka Hafsu ne, rubutunsa daban, wasu wuraren ma karatun ya ɗan bambanta. Sau nawa na ga an kawo wa tsoho mai kyau mai ruwan gwal ya yi godiya ya sa albarka ya ɗora a kan kanta, shikenan bai ƙara buɗewa ba, ba raini bane, idonsa ne bai saba ba. Ki shiga kasuwar Kurmi wajen masu littattafai kice Warshu kike so mai manyan baƙaƙe, in ma warwara ne mara ɗinki ya fi masa sauƙi don takarda ɗaya zai ɗauka ya kusanto da ita fuskarsa, ba sai ya ɗaga littafi mai nauyi ba. A nan ɗin za ki samu waƙoƙin wa'azi na ajami da su Ahalari da Ishmawi da Iziyya masu fassara, irin waɗanda aka biya musu a zaure suna samari. Tsoho ya fi son ya koma abin da ya taɓa sani fiye da a kawo masa sabo fil.

Amma fa gaskiyar da nake so ki riƙe ita ce, mu a nan karatu ba abin da mutum ke shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi shi kaɗai bane. Tun ina yaro haka na gani, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ƙwaya ɗaya ce take shigowa garinmu, wani lokacin ma ta yi sati biyu a hanya, malamin hakimi ko wani ɗan makaranta ya zauna a gindin bishiya ya karanta da ƙarfi mutum ashirin suna ji ana musu ana gyara masa. Daɗin a musun yake. To in kin kawo wa kakanki littafi kin koma birni kin bar shi da shi a zaure, ba abin da kika canza. Ki nemi yaro ɗaya a gidan, ɗan aji biyar ko shida ko ɗan ƙaramar sakandare, ki ɗaure masa ɗan abin kashewa duk wata, aikinsa kawai bayan la'asar ya zauna ya karanta wa Kaka shafi biyu uku. Ni idona da sauransa alhamdulillahi amma haka nake yi da gangan, takwarana nake sawa ya karanta min Aminiya in wani ya shigo da ita daga Kano, ina kishingiɗe ina cewa koma baya, wannan ƙ ce mai lanƙwasa ba k ba. Yaron karatunsa ya miƙe har malaminsu na tambaya, ni kuma na samu wanda zan yi wa faɗa, don tsohon malami in bai gyara wa wani karatu ba a yini abinci ma ba ya masa daɗi.

Yinina ba wani abin a zo a gani bane. In na dawo daga asuba na yi wuridi na yi abin da ya sawwaƙa na tilawa, sai koko da ƙosai, rediyo tana gefe ana shirin safe na BBC, su kam tun 1957 suke magana da Hausa, daga nan in murɗa zuwa Jamus ko Freedom ko gidan rediyon Jigawa. Hantsi in leƙa awaki da zabi, in duba wace ce ta yi ƙwai a ina don zabuwa ba ta da amana, sai ta je bayan gari ta zuba. In rana ta yi zafi ina inuwar darbejiya ina tufkar igiya, ba don na rasa ta saya ba, hannu ne ba ya son zama. Yamma akwai dara a ƙofar gidan mai unguwa, ni ban iya sosai ba amma na iya zuga. Da daddare jikoki su cika tabarma, ga ta nan ga ta nanku, kodayake yanzu sai na yi da gaske don wayar ubansu ta fi Gizo da Ƙoƙi farin jini. 'Yan matan ciki duk matana ne a wasa, kullum ana kawo min ƙarar na hana kuɗin cefane, mazan kuma abokan takara ne wai za su ƙwace min Hajiya. Wannan wasan na jika da kaka kada ki raina shi, in kin je kada ki durƙusa ki gaishe shi kamar baƙo ki tashi, ki tsokane shi, kice angon ya tsufa za ki sake miji, ki ga in bai buɗe baki ba.

Abin da ya fi cin tsoho ba ciwon gwiwa bane, a daina tambayarsa ne. Mutum ya yi shekara hamsin shi ke cewa yau za a yi shuka, gobe za a buɗe rumbu, rana ɗaya a ce Baba ka huta, sai dai ya ga an wuce da buhun taki ba wanda ya ce masa kanzil. Ki yi magana da baffanninki, ko sun riga sun yanke shawara su zo su zauna su ce Baba gero za mu sa a gonar gabas ko dawa. In yana cikin masu lissafin taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa masu kwana goma sha uku-uku da Jabha mai goma sha huɗu, a dinga tambayarsa wane tauraro ake ciki. A ba shi abin da zai riƙe wanda ba sai ya tsaya ba, mukullin rumbu, rabon goro ranar suna, zaɓen iri, tinkiya ɗaya tak da za a ce tasa ce a ɗaure kusa da zaure.

Akwai kuma abin da nake yi wanda zan so ki gwada. Ina da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, sun taru da yawa a akwati, a ciki nake rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, kuɗin kwanon gero a kaka da kuma a bazara, wa aka haifa, wa ya rasu. Ke sai ki juya abin, ki sayi littafin ki ba yaron nan mai karatu, wata rana maimakon ya karanta wa Kaka, Kaka ne zai faɗa shi ya rubuta. Kuma kada a ce masa ba mu tarihi, zai ce ba shi da wani tarihi. A tambaye shi abu ƙarami. Ina yake shekarar canjin hannu, 1972 kenan da motoci suka koma dama, nawa ya sayar da buhun gyaɗa kafin fam da sule su koma naira da kwabo a 1973, me suka ci a farin da aka yi a shekarar, ya taɓa hawa jirgin ƙasan da ke bi ta Ringim ya wuce Malam Madori zuwa Nguru, ya ga dalar gyaɗa a Kano da idonsa, a wane gari yake da aka ce an yanke Jigawa daga Kano a 1991. Wallahi in ya fara sai kun roƙe shi ya tsaya a yi magariba. A nan ne ma zai fara ambaton kakarki, ku bar shi ya yi, in ya yi hawaye kada a ce masa haba Baba, a yi mata addu'a a ci gaba. Iyakokin gonaki da sunayen dangi na nesa su ma a rubuta tun yana nan, rigimar gado da yawa da na gani a garin nan daga rashin wannan ne.

Maganar babbar waya, ni ina da ita gashi ma da ita nake rubuto miki, amma ni na yi aikin gwamnati kuma jikoki sun sha wahalata kafin na iya. Wanda yatsunsa suka yi kanta da fartanya shafa gilashi wahala yake masa, ga kuɗin data ga kai caji shago kullum, ƙarshenta wayar ta koma hannun wani saurayi a gidan. Ki saya masa rediyo mai cin memori mai caji da hasken rana, a zuba masa tafsirin malamin da shi yake so ba wanda ke kike so ba, da karatun Warshu, da waƙoƙin da yake ji yana saurayi in yana da ra'ayi, ki tambaye shi tukuna. Sai ƙaramar waya mai maɓalli a sa lambarki a kan lamba ɗaya, ki kuma tsayar da rana, misali duk Juma'a bayan an sauko, ya san za ki kira.

Masu cewa ki kawo shi birni kuma, in don asibiti ne a kawo shi a duba ido da gwiwar da hawan jini da suga, ya kwana biyu ya koma. Amma zama dindindin ni ban goyi baya ba sai in babu mai kula da shi a can. A ƙauye ko bai tashi ba duk wanda zai wuce sai ya ce Malam barka da hutawa, a birni kuwa get za ku rufe ku tafi aiki ku bar shi da talabijin, ga ba masallacin da ya saba ga ba kabarin matarsa kusa.

Hajiyata tana gefe na karanta mata abin da na rubuta, tace in ƙara miki da cewa a duba wa yake kai masa abinci yanzu da kuma ko yana iya taunawa, don tun da mai tuwon ta tafi wataƙila ana aiko masa da abin da haƙoransa ba sa iyawa yana mayarwa ana cewa ba ya cin abinci. Tace a dama masa fura da kunun tsamiya, tuwo ya yi laushi miyar kuka ta ji daddawa, goro kuma a goga masa a magogi. In kin je kin gwada ɗari biyar ɗin ki dawo ki faɗa mana ajami ne ko boko, sai in gaya miki takamaimai abin da za ki tambaya a Kurmi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya jiƙan kakarki.